Hancin Malam Ghali

A lungun masu turare da ke kasuwar Dira, cikin tsohon garin Riyad, idan gardama ta kaure a kan man ud, ba mai shago ake kira ba, ba kuma dillali ba. Cewa ake yi a kira Ghali. Sai ka ga wani dogon dattijo siriri, wanda ya fara ranƙwafawa, ya fito daga shagon Abu Sharif yana goge yatsu da tsumma. Zai karɓi kwalbar, ya ɗaga ta sama ya duba, ya ɗiga a bayan hannunsa. Abin da ya faɗa kuma shi ke nan, kowa ya koma bakin harkarsa. A takardar iƙamarsa, wato izinin zaman ƙasa, lebura aka rubuta, kuma albashin lebura yake karɓa da ɗan abin da aka ɗora masa a kai.

Bakano ne, haifaffen unguwar Ƙoƙi. Mahaifinsa turare yake sayarwa a kasuwar Kurmi, a wata 'yar rumfa da mutum biyu ba sa zama cikinta sai gwiwoyinsu sun haɗu. Tun Ghali yana ƙarami aka san Allah ya yi masa hanci. Ana girki a gida na uku, yana daga tsakar gidansu zai ce an manta da daddawa, a aika a tambayo kuma a tarar haka ne. Uwarsa takan ce ita ba ɗa ta haifa ba, kyanwa aka musanya mata. Da tsohon ya rasu rumfar ta shiga rabon gado, abin da ya zo hannun Ghali bai kai ya riƙe sana'a ba. Ya yi buga-bugarsa a Kano har ya gaji, sannan ya bi sahun masu tafiya Saudiyya. Da dako ya fara, yana sauke katan-katan a bakin shagunan Dira.

A nan Abu Sharif ya tsince shi. Tsohon Balaraben ya lura da wani ɗan dako da ba ya ajiye katan sai ya ɗan sunkuya ya shinshina, wani ya gyaɗa masa kai, wani ya yamutsa fuska. Ya kira shi, ya jera masa kwalabe, suka wuni ana ɗigawa ana shinshinawa, ga shi a lokacin Larabcin Ghali bai wuce na salla da na ciniki ba. Bayan haka tsohon ya sa aka mayar da takardun Ghali hannunsa, ya zama kafilinsa, wato ubangidan da zamansa a ƙasar ya rataya a wuyansa. Shi ya koya masa ud daga tushe. Baƙar zuciyar wata bishiya ce da ke fitowa a dazuzzukan Indiya da Kambodiya da maƙwabtansu, ana ƙona gutsurenta a kasko, ana kuma tatsar manta a zuba a kwalba. Man nan idan na kirki ne, yana daɗewa yana ƙara kyau, har mutum ya ajiye shi shekara da shekaru ya bar wa 'ya'yansa. Tunda kuwa abu ne mai tsada, 'yan algus ba su ƙyale shi ba. Suna iya yi masa kauri, suna iya yi masa launi har ido ya rantse na gaske ne. Hanci ne kaɗai suka rasa yadda za su yi da shi.

Saboda haka Ghali ya riƙa lallaɓa hancinsa kamar jariri. Ba ya cin tafarnuwa, ba ya zama kusa da mai shan taba, kuma shi da yake wuni cikin turare ba ya shafa ko ɗigo a jikinsa. Miyar kuka mai daddawa ma sai ranar hutu yake yarda ta shiga cikinsa. Bakanon da ya iya wannan haƙuri, ai ka san abin da yake karewa ba ƙarami ba ne. Wani Bature da ya taɓa shigowa shagon ya tsaya yana kallon yadda yake aiki, sai ya ce a ƙasarsu ma akwai masu irin sana'arsa, sai dai su barasa suke shinshinawa, wadda ta shekara arba'in a cikin gangar katako, su ɗanɗana su faɗi garin da aka yi ta da irin itacen da ta kwanta a ciki. Ghali ya yi a'uziyya a ransa. Amma bayan Baturen ya fita ya daɗe yana tunanin mutanen nan, yana mamakin ashe ko'ina akwai wanda abincinsa ya rataya a 'yar tsokar nan da ke tsakiyar fuska.

Da hancin aka yi komai. Da shi matarsa Hajjo ta riƙe gida a Kano ba ta nemi taimakon kowa ba, da shi yara suka yi karatu, aka yi wa 'yan mata kayan ɗaki, aka fara ginin gida a Rijiyar Zaki da har gobe bai ga fenti ba. Akwai kuma ƙanne da 'ya'yan ƙanne da ba sa tuna lambar wayarsa sai wata ya kusa ƙarewa. Shi dai yana unguwar Batha ta Riyad, a ɗakin haya, cikin hayaniyar masu aika kuɗi gida da masu sayar da waya. Yakan je Kano jefi-jefi ya tarar yaran sun ƙara tsawo, suna jin nauyinsa kamar baƙo. Kullum cewa yake bana ce ta ƙarshe, haka ya yi ta cewa har furfura ta cinye gemun.

A shekarar korona zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai yi tsanani ba, har ya riƙa yi wa waɗanda suka fi shi jin jiki tsiya. Da aka buɗe kasuwa ya koma shago, ya ɗauki kwalbar Kambodi, man ud na Kambodiya da ya san ƙamshinta kamar yadda ya san sunansa, ya cire murfi ya kai hanci. Bai ji komai ba. Ya ɗauki wata, ya sake ɗaukar wata. Ya fita baya inda ake zubar da shara, ya tsaya a kan kwandon yana jan iska kamar mai asma, nan ma shiru. Ranar ya ji tsoron da bai taɓa ji ba, sai da ya dafa bango.

Likita ya ce jin ƙamshin zai dawo, a ba shi lokaci. Mutane da yawa nasu ya dawo. Ghali ya shaƙi habbatus sauda, ya shaƙi kanumfari, ya turara duk abin da aka ce a turara, ya sha zamzam da niyya, ya yi addu'a har ya rasa kalmar da bai roƙa da ita ba. Hanci ya ce bai san zancen ba. Ana cikin haka Abu Sharif ya rasu, shagon ya koma hannun ɗansa Sharif, matashi mai ladabi wanda rabin cinikinsa a waya yake yi, wanda kuma ya san bai gaji hancin ubansa ba. Yana kiran Ghali Ammi, wato baffa, yana zuba masa gahawa da hannunsa. Amma wata rana da maganar sabunta iƙama ta taso, ya ce cikin dariya, "Wallahi Ammi, abin da ake biya a kan baƙon ma'aikaci yanzu ya yi nauyi. Ba don hancin nan naka ba, da tuni na sallame ka ka je ka huta da jikokinka." Ghali ma ya yi dariya. Ya haura sittin, ba shi da wata sana'a, kuma babu kafilin da zai ɗauki tsoho a garin da majiya ƙarfi ke yawo suna neman dako. Daga ranar ya san idan maganar ta fita, jirgi ne kawai ya rage masa.

Buraima ne ya fara kama shi. Abokin ɗakinsa ne, Ghali ya ɗan girme shi, mutumin Maigatari, wanda ya tashi a kasuwar dabbobi kafin ya zama direban 'yar motar da ke raba kaya a shagunan Dira. Ya shigo wata ranar Juma'a ya tarar hayaƙi ya turnuƙe kicin, shinkafa ta zama gawayi, Ghali kuwa yana zaune a ɗaki ya ba ƙofa baya yana ɗinke maɓallin riga. Buraima ya kashe wutar, ya zo ya tsaya a kansa.

"Malam, ƙaurin nan tun daga matakala nake jin sa. Kai fa?"

Ghali ya ajiye allurar. Buraima ya zauna a bakin katifa, ya yi salati a hankali, bai ƙara tambayar komai ba sai da Ghali ya faɗa da kansa.

Nan suka ƙulla abin da ya riƙe Ghali 'yan shekaru. Ya ƙirƙiro doka a shago, ya ce ud ba a yanke masa hukunci a tsaye, sai ya kwanta a fata ya buɗe. Maganar gaskiya ce, shi ya sa babu wanda ya yi musu, har wasu suka ce dattijon ƙara zurfi yake yi. Yakan yi alwalarsa tun da hantsi ya riƙe ta, don kada ruwa ya wanke masa man da ke hannu. Idan an kawo kwalba sai ya ɗiga a bayan hannu, ya ce a dawo bayan salla. A Dira har yanzu tsofaffin shaguna sukan ja ƙofa idan an kira azahar. A hanyar masallaci Buraima zai ɓullo, su gaisa, Ghali ya miƙa masa bayan hannu kamar mai nuna ƙurji, shi kuma ya sunkuya ya ja numfashi.

Hancin Buraima lafiyayye ne, sai dai bai yi makaranta ba. Da abin da ya sani yake bayani. Wannan kamar tsamiyar da aka jiƙa, zai ce. Wannan kamar sabuwar randa da aka zuba wa ruwa. Wannan kuwa, Malam, akwai kananzir a ƙarƙashinsa. Sai Ghali ya ɗauki tsamiyar da randar ya juya su a kansa, ya haɗa da abin da idonsa ya gani da abin da ya tara na shekaru, ya koma shago ya yanke hukunci da muryarsa ta da. Yawanci yana dacewa, domin abin da ke yawo a kasuwa kayan yau da kullum ne, kuma dabarun 'yan algus ba su da yawa.

Sai dai akwai abin da bai taɓa yi ba. Bai taɓa gaya wa Buraima me tsamiyar ke nufi ba, ko wane wari ne aibi, wane ne shaidar asali. Buraima yakan tambaya, shi kuma ya ce, "Kai dai faɗi abin da ka ji." A ransa yana tsoron idan ya koya masa, wata rana a lungun nan cewa za a yi a kira Buraima. Mutum ya ara maka hancinsa kyauta, kai kuma ka yi masa rowar ilimi. Ghali ya san abin bai yi kyau ba, amma ilimin ne kaɗai ya rage nasa, sai ya ƙanƙame shi.

Wata safiya wani mutum ya shigo shagon cikin farar jallabiya, yana riƙe da ƙaramin akwatin katako da hannu biyu. Ya ce sunansa Amir. Da ya ambaci mahaifinsa Ghali ya tuna shi, wani tsohon malamin makaranta ne da kan zo wurin Abu Sharif su sha gahawa, ya sayi ɗan kaɗan ya tafi. Ya rasu kwanan baya. Buraima yana bakin ƙofa yana shigo da katan-katan, kuma Larabcinsa ya isa ya ji duk abin da ake faɗa.

Amir ya ce man ud ne na Hindi a cikin akwatin, mahaifinsa ya saye shi wurin wani ɗan kasuwar Indiya tun kafin a haife shi, da duk abin da ya tara a lokacin. Shekara arba'in da ɗoriya yana ajiye, ba ya buɗewa sai ranar idi, ya ɗan taɓa a gemu. Yanzu 'yan'uwan Amir suna cewa yaudarar tsohon aka yi, ya ƙare rayuwarsa yana gadin kwalbar banza.

"Ba sayarwa zan yi ba, Ammi," in ji Amir. "So nake in san ko mahaifina ya san abin da yake yi. Kafin ya rasu ya ce idan mun yi gardama a kai wa Ghali ɗan Najeriya a Dira, abin da ya faɗa shi ne."

Ghali ya buɗe akwatin. 'Yar kwalba ce mai kaurin gilashi, man da ke ciki baƙi ƙirin, da ya karkata ta da ƙyar ya motsa. Ya cire murfin, ya ɗaga tsinken da ke jikinsa, ɗigon ya yi zare kafin ya sauka a bayan hannunsa. Ya saci kallon fuskoki, kamar yadda ya saba tun da abin ya same shi. Idon Amir ya cika da hawaye, wannan kuwa bai nuna komai ba sai ɗa da ubansa. Sharif ya ɗan ja da baya ya kai waya kunne. Ghali ya kai hannun hancinsa, ya lumshe ido, ya yi jim kamar mai sauraro. Tsohon Hindi na gaske tun zamanin Abu Sharif rabonsa da shi. Na jabu mai wannan kauri da wannan launi kuwa ya ga ba adadi.

"Bayan salla," ya ce.

"To, sai mu tafi tare," in ji Amir.

Wannan ne bai shirya wa ba. Suka fito, Amir a damansa, Buraima a hagunsa, suna ratsa masu darduma da masu takalma, babu kwanar da za a laɓe. Da suka kusa ƙofar masallaci Ghali ya tsaya kamar zai cire takalmi, ya dafa kafaɗar Buraima da hannun da ya ɗiga wa man, dab da hancinsa. Da Hausa ya yi magana, ƙasa-ƙasa.

"Me ka ji?"

Abin da Buraima ya ji kuwa garke ne. Garken shanu da damina, da fitsarinsa da kashinsa da jiƙaƙƙiyar fata, irin warin da ya tashi a cikinsa a Maigatari. A ransa ya ce an cuci bawan Allah, kayan nan ruɓaɓɓe ne. To amma ga ɗan mamacin nan tsaye kusa da su, idonsa jajir, yana kallon bakinsu kamar zai gane Hausar, ga kuma ƙofar masallaci. Shi Buraima a gidan da ya tashi ba a kushe abin mamaci a gaban ɗansa, ko ɗan yana jin yaren ko ba ya ji. Bakinsa ya ƙi. Ya daidaita fuska ya yi wa mamacin kara.

"Ma sha Allah. Ƙamshi ne mai daɗi, Malam."

"Kamar me?"

Buraima ya lalubo mafi kyawun abin da ya sani. "Kamar zuma. Da ɗan fure-fure."

"Tun farko haka ya buɗe? Babu wani abu a ƙasa?"

"Babu komai sai alheri."

Bahaushen da ya kai shekarun Ghali ya san me ake nufi da wannan amsa. Ita ake bayarwa a bakin gadon marar lafiyar da aka yanke ƙauna da shi. Da a natse yake, da ya ja Buraima gefe ya ce faɗa mini gaskiya. Amma an tayar da salla, Amir ya riƙo gwiwar hannunsa, shi kuma a tsorace yake, sai ya kama abin da aka ba shi ya riƙe. Zuma da fure tun farko, ai ya san wannan, haɗi ne. Bayan sallama Buraima ya so ya tare shi shi kaɗai, amma Amir bai saki hannun dattijon ba har shago, sai ya biyo su a baya.

Kafin su dawo labari ya zaga, wasu maƙwabta masu turare sun shigo, don tsohon Hindi ba kullum ake ganinsa ba. An ja ƙofar gilashi saboda sanyin na'ura. Amir ya buɗe kwalbar ya ajiye ta a kan kanta. Ghali ya zauna, ya sake kai hannu hancinsa, ya gyara murya. Tausayin Amir ya kama shi da gaske, ya so ya yi maganar da taushi.

"Ɗana, Allah ya ji ƙan mahaifinka, mutumin kirki ne. Amma wannan haɗi ne. Zaƙinsa ya fito tun farko, zuma da fure, babu nauyi a ƙarƙashi. Tsohon Hindi na gaske ba haka yake gaisuwa ba. Idan ka buɗe shi wari ne ke fara tarar ka, warin garken dabbobi, har wanda bai sani ba ya toshe hanci ya ce ya lalace. Sai ya daɗe a fata sannan daɗin ya fito. Wannan ba shi da warin nan ko kaɗan."

Shagon a lokacin daga kanta har rufi warin garke yake yi. Ghali ya ga maƙwabtan suna kallon juna, ya ga Sharif ya ajiye wayarsa.

"Ammi," in ji Sharif a hankali, "ba ka jin sa?"

"Jin me?"

Tambayar tana fita daga bakinsa ya gane. Ya waiwaya ya ga Buraima a bakin ƙofa ya dafe kai da hannu biyu.

Wani tsoho cikin maƙwabtan, wanda ya sha kiran Ghali ya raba masa gardama, ya ɗauki kwalbar ya kai hanci, ya daɗe, sannan ya ce wa Amir, "Mahaifinka ya san abin da yake yi. Rabona da irin wannan tun ina saurayi." Bai dubi Ghali ba, kuma rashin duban ya fi zagi ciwo. Amir ya rufe kwalbarsa ya mayar da ita akwati, ya yi wa kowa godiya har da Ghali, ya fita.

Sharif bai ɗaga murya ba. Ya jira mutane suka watse, ya zuba gahawa ya miƙa masa.

"Tun yaushe, Ammi?"

"Tun korona."

Da gani Sharif yana tuna kayan da aka saya da waɗanda aka mayar a kan maganar dattijon duk shekarun nan. Ya ce ba zai kai maganar ko'ina ba, albarkacin mahaifinsa. Zai biya shi haƙƙinsa, ya saya masa tikiti. Amma iƙamar da ta kusa ƙarewa ba za a sabunta ta ba, huruj niha'i za a buga masa, wato fitar da babu dawowa aiki. Ghali ya ce ya gode. Ya ajiye kofin ya fita.

Buraima ya same shi da la'asar zaune a inuwar Masmak, tsohon ginin ƙasa mai hasumiyoyi da ke bakin kasuwa. Ya tsuguna a gabansa.

"Malam, ni na kashe ka. Na ga bawan Allah yana hawaye, na kasa. Da na san warin nan shi ne shaidar..."

"Wa zai gaya maka?" in ji Ghali. "Ai ka sha tambayata."

Can Ghali ya miƙa masa bayan hannun.

"Yanzu fa? Kada ka yi mini kara."

Buraima ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago fuskarsa ta sauya.

"Garken ya tafi, Malam. Yanzu kamar an yi ruwan farko, ka shiga tsohon ɗakin ƙasa da aka ajiye dabino da sirdi a ciki. Akwai wani sanyi kuma da ban san sunansa ba. Ban taɓa jin irinsa ba."

Ghali ya gyaɗa kai. Ya san inda man ya kai, ya san abin da zai biyo baya zuwa magariba, da zai iya lissafa masa ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka ya kai hannun hancinsa, ya ja a hankali, ya sake ja. Iska ce kawai ta shiga ta fita. Hawayen da bai yi a shago ba suka zubo, bai kuma share su ba.

Kwanakin da suka rage bai sake taka Dira ba. Ya zaunar da Buraima ya fara zazzage masa duk abin da ya ɓoye, wannan wari kaza, wancan ƙamshi kaza, Buraima yana saurara don kunya. Su duka sun san aikin banza ne, lungun ya riga ya san hancin wa aka yi ta ara, babu mai kiran ɗaya daga cikinsu. Ya buga wa Hajjo waya ya ce yana tafe gaba ɗaya, bai faɗi dalili ba. Ta yi hamdala, sannan ta yi shirun da ya san ma'anarsa, shirun mai tunanin tukunya da gini da masu jiran ƙarshen wata. Don ta kawar da shirun ta ce, "To Malam, ka taho mana da tsarabar turare mai kyau, zaɓin hannunka. Duk unguwa an san mijin wa nake aure."

Buraima ya ce zai raka shi sayen turaren, Ghali ya ce a'a. Ya shiga can cikin Batha, wani ɗan shago da ba a san shi ba, inda wani ɗan Bangaladash ke sayar da turare tare da agogo da carbi. Mutumin ya jera masa kwalabe, ya ɗiga ɗaya a bayan hannun Ghali.

"Kambodi asali, ya Hajji. Shinshina ka ji."

Hannun ya fara tashi don sabo, Ghali ya mayar da shi ƙasa.

"Wanne ne mai kyau? Zaɓa mini."

Mai shagon ya dube shi ɗan lokaci, irin kallon da masu turare ke yi wa wanda bai sani ba, sannan ya sunkuya ya ɗauko wata kwalba daga can ƙasan kanta. Ghali ya ga kallon, ya kuma san irin abin da ake ajiyewa a can ƙasa. Ya ce a naɗe masa, ya biya.